Yadda Gwadabe Duba-gari Ya Ci Rijiyar Ubansa da Yaƙi

Idan mutum ya haƙa rijiya saboda Allah, ya mutu, jama'a suka yi ta sha lada yana bin sa kabari, sa'an nan wata rana ruwan ya juye ya zama cuta ba da saninsa ba, me ake rubuta masa daga wannan rana? Ladan ne ke ci gaba da gangarawa, ko tsayawa yake yi, ko kuwa wani abu ne dabam ke gangarawa a madadinsa? An kai tambayar nan gaban malamai, masu rawani da marasa shi, kowanne ya ba da amsa mai kyau, ba kuwa wadda ta hana a sake tambaya. Saboda haka a bar ta nan bakin ƙofa, a shiga tarihin mutumin da ta faɗo wa a ka wata ranar Talata.

Shi ne Gwadabe ɗan Mamuda, ɗan Ilu Mai-dagi, ɗan Bawale wanda aka ce yakan kwanta ya kasa kunne a ƙasa ya ji inda ruwa ke tafiya. Zuriya ce ta mahaƙa rijiya, waɗanda suka huda bayan ƙasa tun daga Kafin Gwanki har iyakar inda jaki ke iya kai kayan aiki, mazajen da ke shiga rami da asuba da ɗan bante su fito da la'asar jiƙe sharkaf, gari ya ɗauki guɗa. A cikinsu duka Gwadabe kaɗai aka sa boko, kuma shi kaɗai gwamnati ta ɗaura wa kaki ta naɗa shi duba-gari a ƙarƙashin hukumar tsaftar ruwa ta jiha. Gwadabe barden lambatu, dodon kwata, mai leƙa randa ba don ƙishi ba, wanda ƙarar babur ɗinsa ke sa matan unguwa kifar da tsohon ruwa tun yana bayan kasuwa. Kakanninsa buɗe ruwa suka yi wa duniya, shi kuwa aka ba shi ikon rufewa, bai kuma taɓa zama ya auna nauyin wannan bambanci ba sai da aiki ya biyo ta ƙofar gidansu.

Asalin fitinar ba mugunta ba ce, alheri ne ya yi karo da alheri. Mamuda ya haƙa rijiya a ƙofar masallacin Unguwar Masaƙa da hannunsa, bai karɓi ko goro ba, ya ɗora mata marfin ƙarfe saboda awaki, ya ce sadaka ce mai gudana. Bayan rasuwarsa wani attajiri, Alhaji Kallamu mai fata, ya ga masallata suna wahalar wurin kewayawa, ya gina musu jerin ban-ɗaki, shi ma saboda Allah, aka haƙa ramin a inda fili ya samu, wato jikin rijiyar. Shi ma Alhaji Kallamu ya cika. Sadakokin bayin Allah biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa a sarari, a ƙarƙashin ƙasa kuwa ɗaya tana tsiyaya cikin ɗaya shekara da shekaru, ba mai gani.

Da ruwan farko ya sauka a ƙarshen bazarar nan, amai da gudawa suka shiga yaran unguwa. Aka ɗebi ruwan rijiyar a kwalba aka kai ɗakin gwaji a babban birni, amsa ta dawo cewa abin da ke cikinsa ba ya faɗuwa a gaban abinci. Doka kuwa ta yanka tazarar da za a bari tsakanin masai da ruwan sha, kuma tsakanin sadakar Mamuda da ta Kallamu ko akuya ba ta wucewa sai ta karkace. Shugaban Gwadabe a ofis, mutum mai gajeren zance, ya kira shi ya ce ya je ya sa wa rijiyar kwaɗo ya kulle, jama'a su koma burtsatsen makarantar firamare. Gwadabe ya yi ta kawo uzuri, yau babur ba mai, gobe ciwon kai. Daga ƙarshe shugaban ya ce ya ji, amma idan Talata ta wuce rijiyar tana buɗe, Laraba da safe zai tura baƙin ma'aikata da tifar ƙasa su cike ta har baki, su daddaɓe, ya zama ko wurin ba a ganewa. Kwaɗo dai ana iya buɗe shi wata rana idan an gyara ƙasa. Abin da tifa ta binne ya tafi ke nan, da sunan Mamuda a ciki.

To, a safiyar Talata sadaukin ya yi shirin fama. Ya yi alwala kamar yadda ya saba kafin fita, ya sa kaki mai sitaci wanda ke tsayawa da kansa ko ba kowa a ciki, ya kafa hula, ya jefa kwaɗo sabo fil a aljihu. Ya tsaya wurin Lantana mai ƙosai a bakin tasha ya yi guzurin yaƙi, koko kofi guda da ƙosai mai zafi da yaji, domin ba a san mayaƙin da ya ci gari da yunwa ba. Sa'an nan ya hau babur ɗin hukuma, wanda sai an tura shi yake tashi, ya nufi Unguwar Masaƙa cikin hayaƙi da rugugi, kaji suna watsewa dama da hagu kamar rundunar da aka karya.

Labari ya riga shi isa. A bakin rijiyar, kan turmi kife, da sanda a gicciye bisa cinya, ga abokiyar gaba tana jira: Gwaggo Tasalla, ƙanwar Mamuda uwa ɗaya uba ɗaya, ganuwar Masaƙa, wadda liman ke rage tsawon karatu idan ya ji tarinta a bayan katanga. Ita ta goya Gwadabe lokacin da aka yaye shi. Ita kuma Mamuda ya bar wa amanar rijiyar yana kan gargara, ya ce kada ta bari guga ya bushe. Tun daga ranar take share bakin rijiyar, tana sauya igiya idan ta tsufa, kuma ta yi imani, imanin da ba ya neman hujja, cewa duk gugan da aka ja sanyinsa yana sauka a kabarin yayanta. Abin da ba a faɗa a ofis ba shi ne Gwadabe ma haka ya yi imani.

Jarumin ya kashe babur, ya sauka, ya tako gaban jama'ar da ta fara taruwa, ya buɗe yaƙi kamar yadda ya wajaba, wato ya cire takalmi ya durƙusa. Aka yi musayar gaisuwa mai tsawo, ta kwana da ta gajiya da ta iyali da ta zafi, kowane ɓangare yana auna ƙarfin ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare Gwaggo ba ta ɗaga sanda ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko moɗa, ta kamfato ruwa daga gugan da aka ja yanzu, ta miƙa masa.

"Ka kwaso rana, ɗan Mamuda. Sha ruwa tukuna, sa'an nan ka faɗi abin da gwamnati ta aiko ka."

Masana dabarun yaƙi sun haɗu a kan cewa ba a taɓa ɗana tarko irin wannan ba a ƙasar. A Kafin Gwanki baƙo ba ya faɗin saƙo sai ya sha ruwan gida, kuma wanda ya mayar da moɗa daga hannun babba ya yanke zumunta a gaban shaidu. Idan ya sha, unguwa duka ta ga duba-gari ya sha, zancen cuta ya mutu, gobe kowace uwa ta ɗura wa ɗanta. Ruwan ga shi garau, sanyinsa har yana ratso moɗar, ba wari ba launi. Gwadabe ya dube shi, ya dubi Gwaggo, ya nemi mafita a cikin dukan ilmin da hukuma ta koya masa bai samu ba, sai bakinsa ya yanke hukunci ba tare da shawararsa ba.

"Ina azumi, Gwaggo."

"Ran Talata?"

"Na nafila ne."

"Ubanka Litinin da Alhamis ya sani. Amma ku 'yan boko kun fi mu bincike." Ta juye ruwan cikin guga a hankali. "Allah Ya karɓa. Zauna nan inuwa. In an kira magariba ka buɗa baki da ruwan ubanka, ka faɗi saƙonka, in ji."

A cikin taron akwai Lantana mai ƙosai, wadda ta tashi daga kasuwa ta biyo kallo. Ta dai dubi ɗigon mai da ke kan aljihun kakinsa, ta dubi sama, ta gyara ɗaurin kallabi, kuma Gwadabe ya ji wannan kallon fiye da yadda zai ji mari.

Haka aka shiga zaman ƙawanya, wanda tarihi ya kasa tantance wa ya kewaye wa. Gwadabe ya zauna kan dakalin masallaci, Gwaggo tana kan turmi, rijiya a tsakani. Da yake ba ta jin saƙon baƙon da bai sha ruwa ba, sai aka nemi jakada, aka samu Liman Na'iya, dattijo mai son zaman lafiya da gyangyaɗin hantsi. Ya shimfiɗa buzu a tsakiyarsu, ko da yake da ɗayansu zai miƙa hannu da ya taɓa ɗaya. Gwaggo ta ce a gaya wa gwamnati rijiya ta riga masai zuwa, in akwai mai tashi to baƙon ne. Liman ya juya ya isar. Gwadabe ya ce a gaya wa Gwaggo za a kwashe ramin a sake masa wuri, amma ƙasa ta riga ta sha, kuma ba ta amayarwa a kwana ɗaya. Liman ya juya ya isar. Gwaggo ta ce a tambayi gwamnati ko ita za ta riƙa kai wa Mamuda sanyi a kabari. Liman ya buɗe baki, ya rufe, ya ce wannan ba saƙo ba ne da za a iya ɗauka. Gwadabe ya ambaci tifar Laraba. Gwaggo ta ce to su zo da wadda ta isa mutum biyu, don a kan marfin za su same ta, kuma hannunta ba zai taɓa kwaɗon nan ba, ba kuma za a sa shi tana numfashi ba.

Rana ta take. A nan ne mujahidin ya gane girman abin da ya jawo wa kansa. Ya san sarai azumi ba ya ƙulluwa sai da niyya tun kafin alfijir, balle wanda aka fara shi da ƙosai. Wato yunwar da yake ji ba ta da lada ko na ƙwayar gero, ƙishin kuma asara ce tsantsa, ga zunubin ƙarya a kai. Amma ya riga ya faɗa a gaban jama'a, ba shi da ikon haɗiyar ko yawu da ƙarfi. Ya yi ta juya abin a ransa: ƙaryar da aka yi don kada yara su sha cuta, a wane ma'auni ake ɗora ta? Idan kuma ya cika ta har faɗuwar rana, ta zama gaskiya ko ta ƙara zama ƙarya? Ya so ya tambayi Liman, ya tuna Liman jakadan ɓangare biyu ne.

Da aka kira azahar wata runduna ta ɓullo ta inda bai tsammata ba. Butocin masallaci duka daga rijiyar ake cika su, alwala kuwa da kurkurar baki take. Ladan ya miƙo masa buta. Gwadabe ya ce yana da alwala, wannan karon kuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai gaskiyar ta zame masa sarƙa, domin dole ya riƙe alwalar nan ta safe har la'asar, har magariba, da koko da ƙosai da yaji a ciki, yana zaune yana fuskantar jerin ban-ɗakin Alhaji Kallamu da ƙofofinsu a buɗe. Marubuta sun yi tsawon bayani a kan mazajen da suka tsare ƙofar gari, ba su ce komai ba a kan wanda ya tsare kansa yini guda a kan dakali, gumi yana karya sitacin kakinsa, fuskarsa kuwa kamar ta alƙali.

Ana cikin haka wani abu yana faruwa wanda ba a lissafa shi cikin dabarun kowa ba. Mata sukan fito da bokiti, su hango kaki a bakin rijiya, su tsaya, su yi kamar sun manta wani abu, su juya su bi hanyar makaranta. Guga ya kwanta a rana tun hantsi ba wanda ya taɓa shi. Bayan la'asar Sabuwa matar jikan Gwaggo ta wuce da jarka a ka, daga burtsatse take, idonta ya faɗa don rashin barci. 'Yarta ce ke kwance a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, yarinyar da aka sa wa sunan Gwaggo. Gwaggo ta kira ta ta tambayi jikin takwara, ta ƙara da cewa haƙori ne, duk yaro yana yin haka in zai fitar da haƙori. Sabuwa ta russuna ta ce da sauƙi, ta ce ai haƙoranta sun gama fitowa tun bara, ta wuce. Gwaggo ta bi jarkar da kallo har ta sha kwana. Daga nan ba ta sake aika Liman da saƙo ba. Ta jawo gugan da ya bushe ta riƙe igiyarsa a cinya.

Gwadabe bai ga wannan ba, domin a lokacin ba ya ganin komai sai ruwa. Harshensa ya zama kamar tsohon takalmi. Dokar jiha, da tazarar da ta yanka, da kwalbar da aka kai birni, da tifar Laraba, duk sun narke sun bar abu ɗaya a kansa, wato sanyin moɗar nan da ya ji a tafin hannu da safe.

Rana ta yi ja ta sauka bayan rimin kasuwa. Jama'a suka dawo, har da waɗanda ba su san ana yaƙi ba. Ladan ya hau ya kira salla. Gwaggo ta tashi da kanta, ta zura guga, ta jawo shi da ƙarfin da ba a san tana da shi ba, ta cika moɗa, ta miƙa. Lissafinta a bayyane yake ga duk mai hankali: yaron zai ƙi, unguwa ta ga ɗan Mamuda ya ƙi ruwan Mamuda daga hannun ƙanwar Mamuda, kunya ta kore shi, ya hau babur ya tafi da kwaɗonsa.

Gwadabe ya karɓa da hannu biyu. Masu ba da labari daga baya sun ce a wannan lokaci fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya zaɓi shahada, ya yarda ya sha cuta don ya fanshi zumunta da unguwa gaba ɗaya. Gaskiyar da ta fi wannan gajarta ita ce ƙishi yake ji. Ko jarumtar da ƙishi ya haifa ana kiranta jarumta, wannan ma tambaya ce da za a ajiye kusa da ta farko. Ya yi bisimilla a fili, da irin muryar Mamuda wadda duk zuriyar suka gada, ya ɗaga moɗar, bakinta ya taɓa leɓensa.

Sandar Gwaggo ta sauka a kan moɗar. Ruwa ya watsu a kakin hukuma, moɗa ta yi tsalle ta gangara ƙarƙashin babur.

"Kai wane irin duba-gari ne?" in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. "Ruwan da ka ce yana kwantar da yara, shi za ka ɗura wa cikinka a gabana? Abin da suka koya maka ke nan?"

Barden lambatu, dodon kwata, ya tsaya da hannuwa a sama yadda moɗar ta bar su, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Wannan karon ba a nemi Liman ya isar ba. Wani ya ruga gidan Sabuwa ya ɗebo ruwan jarka a kofi, Lantana ta miƙo dabino ɗaya ta ce a buɗa baki da shi, tunda azumin ya sha wuya. Gwarzon ya karɓa ya tauna, ya shanye kofin a tsaye, ya roƙi ƙari. Wannan shi ne iyakar abin da hannunsa ya aikata a yaƙin Rijiyar Mamuda, wanda aka rubuta a ofis cewa shi ya ci shi.

Masallata suka shige sahu. Gwadabe ya juya zai bi su, da saurin mutumin da ke son ya sauke farali kafin alwala ta kuɓuce, sai Gwaggo ta miƙo tafin hannu.

"Kawo abin nan."

Ya laluba aljihu ya ba ta. Ta naɗe igiyar gugan a tsanake ta rataye a inda ta saba. Ta kama marfin ƙarfen da Mamuda ya ɗora saboda awaki, ta ja, ya ƙi, Gwadabe ya matso zai taimaka ta harare shi ya koma. Ta sake ja har ya rufe. Ta sunkuya kusa da bakin rijiyar ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa na cikin ɗaki sallama.

"Yaya, ka yi haƙuri da abin da ka tara."

Ta zura kwaɗon, ta danna, ta jijjiga shi ta ji ya kama. Ta zare ɗan makullin, ba ta ko dubi hannun da wakilin gwamnati ya miƙo ba, ta ƙulle shi a haɓar zanenta.

"Ɗauko min moɗata ka wanke," in ji ta. "Ba da na nan ba."